Mijina ya koma cikin ruwan harsashi don ya ɗauko abokinsa, mantawa ya yi da mu?

Wata baiwar Allah daga nan Jos ce ta turo tambayar. Ta ce mijinta las kofur ne a arewa maso gabas, aka yi musu kwanton ɓauna a hanya, shi ya riga ya samu mafaka a bayan mota amma da ya ji abokinsa na kiran sunansa sai ya fita ya koma ya jawo shi, a nan harsashi ya same shi a kafaɗa, abokin kuma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Yanzu wata na uku kenan yana gida yana jinya, baya bacci, kullum yana kan waya da 'yan bataliyarsu, kuma zancensa ɗaya ne, yaushe zai warke ya koma. Ta ce: "Yaranmu uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Lokacin da ya fita ɗin nan bai tuna da mu bane? Mutumin nan fa ba ɗan'uwansa ba, ba ma addininsu ɗaya ba. Oda aka bashi ko wani abu ake basu suna sha?"

Toh ƙanwata, da farko Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne, iyalan abokin nasa kuma Allah ya basu haƙuri da dangana. Na yi shekara talatin da ɗoriya cikin kaki, daga Depo Zariya na fara ina kurtu, na je Saliyo zamanin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, na je Darfur, na yi arewa maso gabas, kuma shekarun ƙarshe na aikina yawanci koyar da yara na yi yadda za ka tsaida jinin ɗan'uwanka ana kan harbi. Tambayar nan taki matata ma ta taɓa min irinta tana kuka, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba.

A wannan lokacin da ya fita, gaskiya bai tuna da ku ba. Na san maganar da ɗaci amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Bai tuna da ke ba, bai tuna da yaran ba, kuma wallahi ko kansa bai tuna da shi ba. Ba wai ya zauna ya ɗora ku a sikeli ɗaya abokinsa a ɗaya ya ga abokin ya fi nauyi bane, babu lokacin sikelin ma sam.

Idan harbi ya tashi ba zato jiki riga tunani yake. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da likitoci ke ce wa amigdala, kamar mai gadin ƙofa ne, kafin ka gane me ke faruwa ya riga ya buga ƙararrawa, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe ƙamas, ido ya tsuke ya zama abu ɗaya kawai kake gani kamar mai leƙe ta bututu, wani ma kunnensa toshewa yake ana harba babbar bindiga a gefensa amma baya ji. Na ga wanda harsashi ya samu a ƙafa bai sani ba, ya yi ta gudu, sai da ya ji but ɗinsa ya cika da ɗumi sannan ya duba. Shi kuwa ɓangaren da ke lissafin kuɗin makarantar yara da haya da me za a ci gobe, sai ƙura ta lafa yake dawowa, shi ya sa za ki ga soja ya yi abin mamaki ana faɗa, bayan an gama ya zauna hannunsa na rawa ko kofin ruwa ya kasa riƙewa. Gurneti in aka zare masa fil aka jefa, daƙiƙa huɗu zuwa biyar ne ya tashi. Akwai wani yaro sojan Amurka Ross McGinnis, shekararsa 19, a Bagadaza cikin Disamba 2006 aka jefa gurneti ya faɗa cikin motarsu, shi ne a saman motar kan bindiga, yana da damar ya dire waje amma ya koma ciki ya danne gurnetin da bayansa, ya mutu mutum huɗun da ke ciki suka rayu. Ki ƙirga ɗaya zuwa biyar yanzu ki gani ko akwai wurin tunanin gida a ciki.

Abin da yake saura a jikin mutum a irin wannan lokacin abu biyu ne, abin da aka horar da shi har ya zama masa jiki, da kuma wanda zuciyarsa ta riga ta ɗaure da shi tun kafin ranar. Kuma duka biyun gina su ake yi da gangan.

Tun daga Depo ake farawa. Wajen wata shida kana kurtu, an aske muku kai iri ɗaya, kaya iri ɗaya, mutum ɗaya ya makara a fareti duk a sa ku tsallen kwaɗo, mutum ɗaya ya bar bindigarsa da datti duk filatun ku kwana a tsaye. Lokacin kana ganin mugunta ce kawai, sai daga baya za ka gane ana cire maka "ni" ne ana saka maka "mu". In kuna gudun safe wani ya sare, ba a yarda ku iso ba shi, ko a kafaɗa ne sai kun kawo shi. Yaron da aka yi wa haka wata shida, sannan ya yi shekaru ana maimaita masa, ba sai an bashi oda ba ranar da ya ji ana kiran sunansa.

Amma na Depo somin taɓi ne, asalin ɗaurin a bakin daga yake. Soja baya yaƙi da bataliya guda a ransa, mutum ɗari-ɗari ne ba ka ma san sunan wasu ba. Duniyarsa ita ce sakshin ɗinsa, wajen mutum goma, a cikin goman nan kuma akwai mutum ɗaya da kuke rami ɗaya. Shi zai yi gadi awa biyu kai ka runtsa, ya tashe ka shi ma ya runtsa, wato kullum dare sai ka ɗauki ranka ka damƙa masa ka rufe ido, shi ma ya damƙa maka nasa, wata shida, shekara, wani lokacin fiye. Garin kwaki ɗaya za ku jiƙa a mestin ɗaya, wato kwanon abincin soja, ruwan da ya rage a gora ku raba da murfi. Ka san tarinsa cikin duhu, ka san takunsa, ka san sunan 'yarsa da ranar da ta fara tafiya don ya nuna maka bidiyon ya fi sau ashirin, in ba sabis ku hau kan mota tare kuna ɗaga waya. Ya san bashin da ake binka, ya san rigimar da kuka yi da madam, ya ga ranar da tsoro ya sa ka jiƙa wando kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙanwata akwai abubuwan da mamacin nan ya sani game da mijinki da ko mahaifiyarsa bata sani ba.

Batun addini da kika kawo, na gane dalili, mu 'yan Jos mun san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi mana, har yau akwai unguwar da wani ba zai shiga da dare ba, an raba mana gari an raba mana kasuwa. Toh a rami babu wannan. In zan yi sallar asuba abokin ramina ne ke tsaye da bindiga a kaina, ran Lahadi in sun taru ƙarƙashin bishiya suna addu'a mu ke zagaye su. Da azumi na sha ganin Kirista ya karɓi gadin rana don ɗan'uwansa Musulmi ya samu inuwa, ba wanda ya sa shi.

Bari in baki nawa. Janairun 1999, bayan 'yan tawaye sun shigo Freetown, babban birnin Saliyo, ran 6 ga wata, ina kofur lokacin, muna bin layi-layi muna kora su. Za mu tsallaka wani titi aka buɗe mana wuta daga wani bene, kowa ya samu ya faɗa bayan katanga ni kuma na ji kamar an maka min taɓarya a cinya, na tashi in gudu ƙafa ta ƙi. Ina kwance tsakiyar titi ina ganin ƙura na tashi tsil-tsil kusa da kaina inda harsashi ke sauka, na yi kalmar shahada na rufe ido. Sai ji na yi an cakumi ɗamarar kayana ta baya ana jana a ƙasa kamar buhun masara, kwalta na goge min baya, mai jan nawa yana zagina da Hausarsa ta Langtang yana cewa in ɗaga kai kar in buga. Abokin ramina ne, Kirista, ɗan Tarok. Da ya kai ni bayan katanga ya yaga rigarsa ya ɗaure cinyar ya zura sandar goge bindiga ya murɗa har na yi ihu. Bayan wata biyu da muka haɗu na tambaye shi me ya sa ya fito, ya yi shiru can ya ce shi fa bai san ya fito ba, abin da ya iya tunawa kawai ya ga hulata ta faɗi tana gangarawa, sai kuma ya ganmu a bayan katanga. Yana da mata da yara biyu a lokacin. Yanzu shi ma ya yi ritaya, duk Kirsimeti sai na je, duk babbar sallah sai ya zo cin nama, 'ya'yansa Baba suke ce min.

Kar ki ɗauka mu kaɗai ne ko wani abu ne na talakan soja da bai san ciwon kansa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu wasu masana biyu 'yan Amurka, Shils da Janowitz, sun yi nazari kan fursunonin sojan Jamus don su gane me ya sa suka ci gaba da faɗa bayan kowa ya san an ci su da yaƙi, suka fitar da sakamakon a 1948, abin da suka gano yawanci ba aƙidar Hitila bace ta riƙe su, ƙaramin rukunin da suke ci tare suke kwana tare ne, in rukunin ya watse sai mutum ya miƙa wuya. A Libiya ma a 2011 masana daga jami'ar Oxford sun tambayi mayaƙa a Misrata, cikin waɗanda suka yi gaba da gaba kusan rabi suka ce sun fi jin haɗuwar jini da 'yan bataliyarsu akan danginsu na gida. Na san wannan zai sosa miki rai amma ki riƙe shi tukuna zan dawo kansa.

Kuma abin baya duba igiya a kafaɗa. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu, kwamandan birged ta 28 da ke Chibok, ran 13 ga Nuwamba 2021 aka ce masa an kai wa yaransa hari a Askira Uba, janar guda zai iya zama a ofis ya tura wasu, amma ya shiga mota ya tafi kai musu ɗauki, a hanyar aka kashe shi tare da sojoji uku. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori ran 4 ga Nuwamba 2016, wanda ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, ki tambayi duk wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa me ya sa ƙarti suka yi ta kuka ranar, saboda a gaba ake ganinsa ba a baya ba. In kuma kika koma tarihinmu, ranar Uhudu da aka juya wa Musulmi yaƙi, Abu Dujana bayansa ya bayar ya kare Manzon Allah (SAW) kibau na sauka a kansa, Ɗalha bin Ubaidillah ya tare da hannunsa har hannun ya shanye, kuma harda mace a wurin, Nusaiba bint Ka'ab, da takobi a hannunta tana shan sara. Don haka abin da mijinki ya yi ba baƙon abu bane a wurin mutanen kirki.

Maganar ƙwaya kuwa ki cire ta a ranki. Masu shaye-shaye akwai su a ko'ina, cikin kaki da wajen kaki, amma ƙwaya ganganci take sa mutum ba amana ba. Wanda ya bugu zai iya miƙewa tsaye yana harbin iska, ba zai rarrafa ya nemo mutum ɗaya takamaimai ya jawo shi ba.

Yanzu bari in faɗi ɓangaren da nake faɗa wa yaran da na koyar, don in na tsaya a yabo kawai ban yi adalci ba. Wannan zuciyar ta kai ɗauki, in ba a yi mata linzami ba kashe mutane take. Maƙiyi ma ya san da ita. Sau da yawa da gangan ake barin wanda aka harba yana ihu a fili, an saita bindiga ana jiran wanda zai fito, mutum ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Shi ya sa ƙa'idar da ake koyarwa yanzu, wadda Amurkawa suka tsara bayan abin da ya same su a Mogadishu a Oktoban 1993, ita ce maganin farko ga wanda aka harba shine ku maida wuta har ku danne ta maƙiyi. Shi mai raunin in yana iya motsi a daka masa tsawa ya ja jiki zuwa mafaka ya ɗaura wa kansa tonike, wato ɗamarar nan ta tsaida jini, can sama da raunin a murɗa sosai har jinin ya tsaya, don babbar jijiyar cinya in ta fashe cikin 'yan mintuna mutum yake ƙarewa. Sai an samu sarari, ko an jefa hayaƙi ko an matso da mota ta yi kariya, sannan a je a ɗauko shi, a rubuta lokacin da aka ɗaura ɗamarar don likita ya sani.

Faɗar wannan a aji da sauƙi. Akwai ranar da muna sintiri a arewa maso gabas, ina samanja lokacin, aka harbi wani yaro a ƙafa ya faɗi a fili tsakaninmu da su, bai fi taku talatin ba. Abokin raminsa, wani siririn yaro ɗan wajen Kazaure, ya yunƙura zai fita na damƙe wuyan rigarsa na danne shi da gwiwa, yana fizge-fizge yana kuka yana ce min oga ka sake ni don girman Allah, oga yana kirana. Ni kuma ina ƙwalla wa wancan kira ina cewa ɗaura, ɗaura, murɗa, ƙara murɗawa, muna ganinsa yana yi da hannu na karkarwa. Kusan minti goma muka yi kafin mai babbar bindigarmu ya rufe musu baki mota ta matso, wallahi minti goman nan sun fi min wata guda tsawo. Muka ɗauko shi da rai, yana nan har yau yana ɗingishi. Amma ɗan Kazauren nan ya yi sati bai kalli idona ba, in na shigo sai ya tashi. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, don na san abin da na danne da gwiwata ranar shine abin da ya jawo ni daga kan titi a Freetown.

Toh shin mijinki ya yi daidai ko kuskure? Wanda baya wurin ba shi da bakin yanke wannan, ko ni. Wani lokacin akwai sararin jira wani lokacin babu, mota na ci da wuta ko ana janyewa za a bar mutum a hannun waɗanda kin san abin da suke yi wa wanda suka kama. Abin da zan ce miki da tabbaci shine na zauna da mutane iri biyu bayan yaƙi, waɗanda suka fita da waɗanda suka kasa fita, kuma na biyun sun fi shan wuya nesa ba kusa ba. Wanda ya ji ana kiran sunansa ya noƙe, ko da noƙewar ita ce daidai, muryar nan bata barinsa, shekara goma yana jinta cikin bacci. Na san waɗanda giya ta cinye saboda haka, na san wanda aurensa ya mutu. Da mijinki ya zauna bayan motar nan da ya dawo miki da kafaɗa lafiya, amma ba lallai mutumin da kika aura ne zai dawo ba.

Sai dai shi nasa nauyin daban ne, ya fita, ya sha harsashi, kuma duk da haka abokin ya tafi. Ina tabbatar miki abin da ke hana shi bacci lissafi ne yake ta maimaitawa, da na fita da wuri, da na ɗaure wurin kaza, da ni ne na zauna a kujerar da ya zauna. Kunya yake ji yana raye. In kin kawo masa abinci mai daɗi ya tuna su can garin kwaki suke sha, in ya kwanta kan katifa cikin sanyin Jos ɗin nan da bargo biyu ya tuna wani na rami yana gadin da shi ya kamata ya karɓa. Son komawar da yake yi kenan, ba gudunku yake ba, gani yake ya bar gurbi a layi kuma in wani abu ya samu sauran laifinsa ne. Nan ne zan dawo kan maganar Libiya ɗin can. Soyayyar da yake miki da ɗaurin da ke tsakaninsa da su ba kishiyoyi bane, ba wuri ɗaya suke zaune ba. Ke ce dalilin da ya sa yake son ya dawo gida da rai, hotonku ne a aljihun rigarsa, su kuma su ne hanyar da zai dawo ɗin, shi ma shine tasu hanyar. Kowannensu ya fita da sanin cewa in ya faɗi za a zo, in babu wannan ba wanda zai iya taka ƙafa ya bar sansani. Ranar da mijinki ne a ƙasa, wani mai mata da yara ne zai fito dominsa.

Abin da zan roƙe ki, kar ki ƙara tambayarsa "baka tuna da mu bane", ko da wasa, ko cikin fushi, don ba shi da amsar da zai baki kuma zai ƙara rufe bakinsa ne. Kar kuma a dinga ce masa ya manta ya wuce, ko a dinga kiransa jarumi gaban baƙi ana sa shi ya bada labari, wanda abokinsa ya mutu a hannunsa kalmar jarumi kamar zagi yake jinta. Wayar da yake yi da 'yan bataliyarsu ki barshi, magani ce, su kaɗai ne baya buƙatar yi wa bayani. In ya farka cikin dare a firgice kar ki taɓa shi kai tsaye, ki ɗan ja baya ki kira sunansa a hankali ki ce masa gida kake, Jos kake, ki kunna fitila. Ga Disamba in ta zo yara za su fara fasa nokawut a unguwa, ki san da wannan tun yanzu, za ki ga ya zabura ko ya faɗi ƙasa, kar kowa ya yi dariya kar kuma a yi kamar an ga abin tsoro. Wurin zama ma za ki lura yana son ya jingina da bango yana kallon ƙofa, ki barshi.

Amma wata uku ba bacci ya wuce a zuba ido. A ƙa'idar likitoci in irin alamun nan suka haura wata guda, mugun mafarki, firgita, saurin fushi, gudun mutane, to ana duba ko ciwon firgicin bayan tashin hankali ne da ake kira PTSD, kuma yana da magani, ba hauka bane ba kuma rashin imani ba. Addu'a da azkar ku riƙe su da kyau, asibiti ma ku je, ɗaya baya hana ɗaya. Ku fara da asibitin barikin Rukuba tunda yana cikin aiki, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) can Lamingo ma akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Soja baya son a ce masa je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, yana tsoron a ce ya sare, don haka ki bi ta hannun wanda yake jin nauyi, wani tsohon samanja ko limamin bariki ko abokin kwas ɗinsa, ko ki ce masa a je a duba rashin baccin ne kawai. In kuwa kika ji ya fara cewa gara ma shi ya mutu, ko ya fara yi muku wasiyya ba dalili, ko maganin ciwon da aka bashi irin su tiramol ya fara wuce ƙa'ida, wannan ba a kwana da shi, ranar za ki kira yayansa ko wani babba ku tafi asibiti, kuma kar a barshi shi kaɗai.

Sai abu na ƙarshe, ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, bayan isha'i yara sun yi bacci, ki tambaye shi sunan abokin da na 'ya'yansa, ki tambaye shi ko ya bar masa sallahu. Kusan kullum akwai, don abokan rami suna yin wannan alƙawarin tun farkon zuwa, in na riga ka ga lambar matata, ga wanda nake bi bashi, ka ce wa mamana kaza. Wani a takarda yake rubutawa ya naɗe a leda ya ba ɗan'uwansa. Mai yiwuwa saƙon nan na wurin mijinki wata uku kenan ya kasa kaiwa don baya iya haɗa ido da matar. In haka ne ki ce masa ke za ki raka shi, ku shirya ɗan abin da ya sawwaƙa, shinkafa ko sabulu ko kuɗin makarantar yara, ku tafi da ƙaramar a bayanki. Ki shiga wurin matar ke ma ki zauna, ita ma tana da tambayoyin da ba wanda zai amsa mata sai wanda ya riƙe mijinta a ƙarshe, ko ya yi magana, ko ya sha wuya, ko shi kaɗai ne. Kar ki bari ya je shi kaɗai, kuma kar ya tuƙa da wannan kafaɗar, ku shiga motar haya.